Tattakinmu ya yi jama'a: a rufe ƙofa ne ko a raba ayari?

Abu Yasir: Assalamu alaikum. Na bari sai da ciwon cinya ya lafa wa kowa kafin in tayar da maganar nan. Abin da ya faru ranar Juma'a a tsohuwar hanyar raƙuma, daga Kar zuwa Hada, kusa da Ɗa'ifa a nan Saudiyya, bai kamata a yi shiru a kansa ba. Farkon fara fitarmu mota biyu ke ɗibarmu, kowa ya san ƙarfin ƙafar ɗan'uwansa. Wannan karon sama da mutum 60 suka fito, rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na gaba sun isa sama har sun sha shayi, na baya ba su ci rabin hawan ba. Wani da silifas ya zo, wani da 'yar robar ruwa guda ɗaya, wani ya riƙo yaro ƙarami. Da aka zo hawa mota aka ce a ƙirga, sai aka rasa wanda ya san adadin da muka zo da shi, balle a gane ko an baro wani. Allah ne kawai ya tsare. Shawarata ita ce a cire linkin shiga zauren nan, kowace fita kada ta wuce mutum 15, duk mai zuwa ya ba da suna da lambar iƙama (takardar izinin zama) tun ranar Laraba, sannan kowa ya riƙa ba da riyal 30 a wata don kayan agajin gaggawa da igiya da fitilu. Ban yanke hukunci ba, ina son jin ta bakinku.

Habu: Wa alaikumus salam Yaya. Mutum 15 a zauren da ya haura 300? Wato mu da muka shigo daga baya sai dai mu riƙa kallon hotuna ke nan. Mun san waɗanda za su cike gurbin tun kafin a sanar.

Nura Direba: Kai Habu, ba kai ne mai silifas ɗin ba?

Habu: Kambas na sa, a tambayi Baba Alhaji, bayansa nake tafe.

Sista Rabi: Yaya Abu Yasir, ni ce na tsaya kan bawan Allahn da jiri ya kwashe, don haka bari in faɗi abin da ya shafi aikina. Ba yawan mutane ne ya kayar da shi ba, rashin sani ne. Yana da ciwon suga, ya sha maganinsa da asuba bai karya ba, kuma babu wanda ya tambaye shi. Mai hawan dutse cikin ɗumi yana bukatar rabin lita zuwa lita ɗaya ta ruwa a kowace awa, ga ɗan abu mai gishiri da dabino. Mutane suna jin an ce Ɗa'ifa sai su tuna sanyi, su manta cewa daga ƙasan dutsen ake farawa, inda zafin Tihama yake, sanyin yana can sama wajen mita 2,000. Ciwon kai, tashin zuciya, fitsari ya yi duhu, duk jiki ne ke cewa a tsaya a sha ruwa a inuwa. Idan mutum ya fara sambatu ko ya rikice, wannan ya wuce mu, sai a kira 911, ita ke aiki a yankin Makka, ko 997 ta Hilal Ahmar, masu motar asibiti. Amma ku sani motar asibiti ba ta hawa matakalar dutse, kuma ba ko'ina waya ke kamawa ba. Sauko da babban mutum ɗaya a kafaɗa aikin maza da yawa ne, su ma a gajiye. Ni ban damu ko mu 15 ne ko 50 ba, ina son a san wa ke ɗauke da wane ciwo kafin a taka dutse.

Abu Yasir: Allah ya saka da alheri Sista. Shi ya sa na ce a yi rajista.

Sista Rabi: Rajistar lafiya na ce, ban ce ta iƙama ba.

Injiniya Kabiru: Maganar iƙama da ta kuɗi, duka biyun ina jan hankali. A ƙasar nan tara kuɗi daga hannun jama'a ba tare da izini ba laifi ne, ko da na taimako ne. Shirya wa mutane yawon buɗe ido a karɓi kuɗinsu sana'a ce mai lasisi, kuma baƙo ya yi sana'ar da ba ita ke kan iƙamarsa ba wani laifin ne na daban. Abokai su haɗa kuɗin mai a mota ɗaya, wannan daban. Amma mutum 300 suna tura riyal 30 duk wata cikin asusun Abu Yasir, riyal 9,000 ke nan ke shiga daga hannuwa barkatai. Ranar da banki ya tambaya me za ka ce? Tun 2018 akwai hukumar hawan dutse da tattaki ta Saudiyya, akwai kuma kamfanonin da ke da lasisin kai mutane irin waɗannan wurare. Idan muna son zama irinsu akwai ƙofar da ake bi. Idan ba ma so, to mu tsaya a matsayin abokai, kada kuɗi ya kwana a hannun kowa. Lambar iƙama kuwa amana ce mai nauyi. Wayarka ta faɗi ko a yi maka kutse, ka jefa mutane cikin abin da ba su ji ba su gani ba. Kowa ya riƙe takardunsa a aljihunsa, don akwai shingen bincike a hanya, wannan tsakaninsa ne da hukuma. Mu abin da muke bukata suna ne da lambar wani na gida da za a kira.

Abu Yasir: To igiyar da akwatin maganin daga sama za su faɗo?

Injiniya Kabiru: Mai hali ya saya ya kawo, ya zama nasa, ya ara mana. Ni na ɗauki akwatin magani ɗaya, Sista ta rubuto min abin da ya kamata a zuba.

Nura Direba: Tunda an zo maganar kuɗi, bari mu da ke riƙe da sitiyari mu yi magana. Mutum zai rubuta sunansa ranar Talata, a ɗauko kosta saboda shi, ranar Juma'a da asuba wayarsa a kashe. Kuɗin kujerarsa a wuyan wanda ya ɗauko motar yake faɗawa. Wani kuma bai rubuta ba, sai ka gan shi a wurin haɗuwa da abokai uku. Sannan ɗaukar fasinja da kuɗi a motar gida ba tare da lasisi ba akwai tara mai zafi, ni ba zan sa kaina ba. In kosta ce, a ɗauko daga kamfanin haya mai takarda, kowa ya biya kujerarsa kafin ranar, wanda bai zo ba ya yi sadaka. Wani abin kuma: duk dawowa sai an sami masu cewa a tsaya miƙatin Wadi Muhrim za su ɗauki haramin umara. Ibada ce, ba mai hanawa, amma rabin mota na son Harami, rabi na son Jidda don suna da aiki ranar Asabar. Mai niyyar umara ya faɗa tun farko a haɗa su mota ɗaya.

Malam Ɗan Madina: Wannan gaskiya ne, kuma ya fi musu natsuwa.

Ummu Hanan: Ina ta jira in ga ko wani zai faɗi abin da ya kawo cunkoson, shiru. Bidiyo ne. Wani ya ɗauke mu a duwatsun Shafa na Ɗa'ifa ya ɗora a TikTok da linkin zaure a ƙasa, cikin mako guda aka cika mu. A cikin bidiyon akwai fuskokin mata uku da ba a tambaye su ba, ɗayarsu tun ranar mijinta ya hana ta fitowa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, ba sai na kama suna ba. Ɗaukar mutum hoto ba da yardarsa ba yana cikin dokar ladabin wuraren jama'a ta 2019, tararsa riyal 1,000, yaɗawa kuma ya fi haka muni. Na biyu, Malam Abu Yasir, in ka ce mutum 15 na san yadda za ta ƙare: maza 14 da Sista Rabi, ita ma don ana bukatar ta. Mu mata ba alfarma muke nema ba. A bar mu mu yi namu rukunin, mu tashi da tazara, mu yi tafiyarmu da saurinmu, mai son mijinta ko ɗanta ya biyo ya biyo daga baya. Akwai ma abin da maza ba sa tunawa: a kan dutse babu bayan gida. Mace ba za ta iya ratsewa ba alhali maza 40 sun jeru a hanya sama da ƙasa, sai ta ƙi shan ruwa tun daga gida, sai kuma a ce mata ba su da juriya.

Sista Rabi: Wallahi Anti kin faɗi abin da ke raina. Rabin matan da na duba ranar, ƙin shan ruwa ne da gangan.

Habu: Ni na ɗora bidiyon nan kowa ya sani. Na sauke shi yanzu, Anti, linkin ma na goge. Amma ina nan kan bakana a maganar 15.

Ummu Hanan: Allah ya yi albarka. Saura waɗanda suka kwafa.

Baba Alhaji: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta min, ni ido ya yi rauni amma ƙafa da sauranta. Abu Yasir, kana tsoron mutum 60. Kakana da ƙafa ya baro ƙasar Hausa, bayan yaƙin Burmi na 1903 da mutane suka yi ta kwararowa gabas. Ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya yi shekaru a Sudan yana ƙodago yana tara guzuri, sannan ya tsallako ta Sawakin. Ba shi kaɗai ba, zuga ce, da mata da goyo da tsofaffi. Kafin su ma, fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ɗaruruwa ne a ayari guda, wani lokacin fiye da dubu. Me ya sa ba su watse ba? Akwai madugu, shi ke da magana ta ƙarshe. Akwai jagaba a gaba, ya san hanya, ya san inda ruwa yake, ya san zangon da za a sauka. Akwai uban dawaki mai kula da abin da za a biya a garuruwan da aka ratsa. Kuma abin da ya fi duka, ayarin ba tarin mutane ba ne kara zube, gida-gida ne. Kowane maigida ya san yaransa da jakunansa, in an sauka shi zai ƙirga nasa. Madugu ba ya ƙirga mutum dubu, masu gida yake tambaya. Ku ranar Juma'a madugu ɗaya gare ku, shi ne jagaba, shi ne mai ƙirga, shi ne mai ɗaukar hoto. Ba yawa ne ya dame ku ba, rashin masu gida ne. Kada ku kori 'ya'yan mutane. Yaron da ya tashi asuba ya bi ku dutse, kun san inda zai kwana daren Alhamis in kun rufe masa ƙofa?

Habu: Baba ya gama magana. A rufe zaure a tafi barci.

Nura Direba: Baba ai su suna da jakuna, mu kosta ce da kuɗin haya.

Injiniya Kabiru: Baba, Allah ya ƙara lafiya, na karɓi maganar masu gida. Amma akwai inda na tsaya. Ayari a daji mai faɗi yake tafiya, hanyar Kar kuwa akwai wuraren da sai ɗaya bayan ɗaya. Na sama ya taka dutse ya gangaro, na ƙasa zai samu. Ko da mun raba mutum 60 gida shida, in hanya ɗaya suka bi a sa'a ɗaya, mutum 60 ne dai. Rabuwar ta zama ta gaske: wuri daban ko rana daban, ko aƙalla tazarar da na gaba ba za su haɗu da na baya ba.

Baba Alhaji: Ban ƙi ba ɗana. Ko a da in rijiya ƙarama ce ba a sauka gaba ɗaya, wasu yau wasu gobe.

Usman Sinnar: Ni ina da ƙorafin da ya saɓa wa na kowa, ku yi haƙuri. Ba don shan iska muka fara wannan abu ba. Doguwar tafiya muka sa a gaba, ta kwana biyu ko uku da jaka a baya, fitar Juma'a atisaye ce kawai. Mun yi maganar zagaya bakin ramin Wa'aba, mai faɗin kusan kilomita 2 da zurfin kusan mita 250, can wajen kilomita 250 daga Ɗa'ifa. Mun yi maganar ɗibar wani yanki na hanyar Zubaida, wadda ta taso daga Kufa zuwa Makka kusan kilomita 1,400, mu ga tafkunan da aka gina wa alhazai tun zamanin Abbasiyawa. Mun yi maganar dutsen Sauda a Abha, wajen mita 3,000. Ina duk wannan yanzu? Ko kilomita 10 ba ma yi, saboda kullum akwai sabon da bai taɓa ba, sai a rage tafiya dominsa. Makon jiya na ga mutum da tukunya da buhun gawayi zai gasa tsire. Ban raina kowa ba, tsire kuma ina ci. Amma mai son fita cin nama da mai son ya kwana a jeji da lita 6 a bayansa ba buƙatarsu ɗaya ba, haɗa su zalunci ne ga duka biyun.

Habu: To ga shi an fara. Manya da ƙanana. Su Yaya Usman 'yan aji ɗaya, mu 'yan tsire.

Usman Sinnar: Ba aji ba ne ƙanina, ƙafa ce. Ka zo ka yi mai tsawon, in ka iya ni zan fara rubuta sunanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Habu: Wa zai ce na iya? Kai? In ba ka son mutum fa?

Ummu Hanan: Tambayar Habu tana kan hanya, kada a share ta. In hukuncin a bakin mutum ɗaya yake, sai an yi zargin son kai ko da babu. A sa abin da kowa zai gani da idonsa: wanda ya gama matsakaiciyar tafiya sau biyu da ruwansa da takalminsa, ba a ɗaukar masa jaka ba, ya cancanci doguwa. Mai riƙe bayan rukunin shi ne shaida, don shi ke ganin wahalar kowa.

Usman Sinnar: Na yarda da wannan.

Habu: Ni ma, in dai za a riƙa rubutawa a zaure ba a bayan fage ba.

Kawu Isa: Ni ban cika magana a nan ba, amma na yi shekaru ina aiki a gonakin Shafa, bari in faɗi abin da mutanen wurin ke gani. Waɗancan gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin dutse ba daji ba ne, mallakar mutane ne kaka da kakanni. Katangar duwatsun da kuke takawa don yanke hanya ita ke riƙe ƙasa da ruwa, in ta rushe aikin kwanaki ne. Furen wardi a watan Maris da Afrilu ake tsinkar sa, da sassafe, shi ne kuɗin shekarar manomi. Mutum biyar sun wuce sun yi sallama, mai gona zai ba su rumman da hannunsa. Mutum 50 sun ratsa kowa ya tsinki ɗaya, gobe za ku tarar da waya. Wani dattijo ya tare ni kwanan baya ya ce, mutanenka ne masu barin robobi a bakin kwari? Bai ce wane ba, mutanenka ya ce. Mu da ke zaune a ƙasar nan mun san nauyin wannan kalma, laifin mutum ɗaya a kan baƙar fata duka ake ɗora shi. Sai wuta. Itatuwan ar'ar na can sun daɗe kafin su kai haka, kuma busasshen ganyensu ba ya jiran ashana biyu. Kunna wuta a inda ba a keɓe ba tara ce, sare itace ko ɗibar itacen wurin tara ce mafi nauyi, kuma jami'an tsaron muhalli suna zagayawa. Birai kuma a daina jefa musu abinci, shi ma an hana, kuma shi ke sa su bi mutane suna fizgar jaka.

Nura Direba: Biri ya ƙwace wa wani buhun burodi a Hada muna kallo, bai ko waiwayo ba.

Abu Yasir: Kawu na gode, wannan ban san ta kai haka ba. Ko za ka raka mu wajen dattijon mu gaishe shi?

Kawu Isa: Zan raka ku, amma mutum uku sun isa, kuma ku zo da buhunan kwashe shara, ya fi dogon bayani.

Malam Ɗan Madina: Mu ɗaliban Madina muna da roƙo. Zuwa Jidda ko da jirgin ƙasan Haramain ne kuɗi ne, ga karatu. Muna nan kusan goma masu sha'awa, kuma Madina ba ta rasa duwatsu da kwaruruka ba. A ba mu izini mu buɗe reshe, a naɗa mana shugaba, mu riƙa turo rahoto. Ina ma ganin lokaci ya yi da za a rubuta tsarin mulki, a zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, abin ya zauna da gindinsa.

Nura Direba: Malam, duk ƙungiyar da na sani lafiya lau take har ranar da aka zaɓi ma'aji.

Injiniya Kabiru: Malam, ban da raha, da ka ce reshe da shugaba da ma'aji ka zama ƙungiya, ƙungiya kuma a nan sai da rajistar hukuma. Ba ka bukatar izinin kowa don ka fita tattaki da abokanka. Ku buɗe naku zauren, ku ɗauki abin da ya yi muku daga nan, in za mu zo Madina mu neme ku.

Malam Ɗan Madina: Ina tsoron in kowa ya kama gabansa zumuncin ya tsinke. Abin da ya haɗa Bakano da ɗan Sinnar ta Sudan da haifaffen Sharar Mansur ta Makka a tabarma ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Baba Alhaji: Ku sa rana ɗaya a shekara, lokacin sanyi, a fili mai faɗi inda mota ke isa. A zo da tukwanen da tsiren a can, ni ma in zo da jikoki. Dutse kuma a bar wa 'yan kaɗan-kaɗan.

Abu Yasir: To na saurara, kuma ga inda na sauka da inda ban sauka ba. Iƙama da riyal 30 na janye. Linki kuwa ba zan mayar ba, ko da Habu zai yi fushi. Mai son shiga, wani na ciki ya kawo shi, kuma fitarsa ta farko a hannun wanda ya kawo shi take: shi zai duba takalminsa da ruwansa tun a gida, in ya gaza shi zai sauko da shi. Iyakar 15 ta zama ta rukuni, ba ta zaure ba. Kowane rukuni da na gaba da na baya, ba mai wuce na gaba, na baya kuma ba ya barin kowa a bayansa, su ne za su ƙirga mutanensu a farko da wurin hutu da bakin mota. Rukuni nawa za su fita, ya danganta da mutum nawa suka yarda su ɗauki wannan nauyi. In biyu aka samu, mutum 30 ke nan, sauran sai wani mako. Abu ɗaya da ba na son gardama a kansa shi ne ruwan sama. Mun shiga lokacinsa, kuma duk wanda ke Jidda a Nuwamban 2009 ya san abin da ambaliya ta yi, sama da mutum 100 suka rasu. Kwari yana iya cika alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba, ruwan daga can saman duwatsu yake zuwa. In hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗi a kan Ɗa'ifa, an fasa, ko an biya mota.

Nura Direba: A ƙara da cewa in an rufe hanyar Hada saboda hazo ko gyara, ta Sail za a zagaya, ta fi nisa, sai a tashi da wuri. Kuma daga wajen ƙarshen Shawwal ba a barin mai iƙamar wani gari ya shiga Makka sai da tasrihi, wato takardar izini, har a gama aikin Hajji. A sa wannan a lissafi tun yanzu.

Usman Sinnar: Lokacin ma zafi ya shigo, sai dai Abha. Ni na ɗauki gaban rukunin doguwar tafiya, Asabar ta farkon wata. Wanda ke aiki Asabar ya yi haƙuri, ba na son mu riƙa tsere da lokacin sallar Juma'a a kan dutse.

Habu: Yawancinmu Juma'a kaɗai muke hutu, Yaya Usman. Ka ga abin da nake faɗa? An rufe mana ta wata ƙofar.

Usman Sinnar: To wata ɗaya Asabar, wata ɗaya a tashi daren Alhamis a kwana can, a taka bayan asuba a sauko masallaci kafin huɗuba. Ya yi?

Habu: Ya yi. Amma maganar linki ban yarda ba har yanzu. Ni ba wanda ya kawo ni, da wannan dokar aka yi da ban shigo ba.

Abu Yasir: Yanzu ai kana ciki, kai sai ka kawo wasu. An ji ƙorafinka, bayan wata uku a sake dubawa.

Ummu Hanan: Rukunin mata ni ce gaba, Sista Rabi baya. Shafa za mu, hanyar da ba ta ratsa gona ba, Kawu Isa ya kwatanta min. Ba hoto sai wanda aka nemi izini.

Sista Rabi: Na amsa, amma ku lura na fita daga rukunin maza ke nan. Ku nemo mutum biyu in koya musu ɗaurin targaɗe da abin da ake yi wa wanda zafi ya kayar, yammacin Laraba bayan na tashi aiki.

Abu Yasir: Rukunin sababbi na Juma'a ni ne gaba. Saura na baya. Wa zai riƙe?

Abu Yasir: Jama'a mutum 140 sun karanta, ba wanda ya ce uffan.

Nura Direba: Kowa gaba yake so, can ake hoto.

Baba Alhaji: Ku ba Habu. Ranar Juma'a shi ya ɗaukar min jaka daga rabin hanya, bai gaya wa kowa ba.

Habu: Baba ka tona ni. To na karɓa, amma a ba ni sunayen mutanena tun daren Laraba, kuma duk wanda ya zo da silifas a mota zai jira mu.

Sista Rabi: Sai ka zama na farko a darasin Laraba. Ƙarfe biyar, ka zo da tsohon rawani ko gyale mu gwada ɗauri. Saura mutum ɗaya.

Injiniya Kabiru: Ki rubuta ni, zan taho da akwatin maganin ki duba abin da ya rage.